Wa Ya Ƙirga, Kuma Cikin Nawa?

Wani yammaci cikin watan Fabrairun 2025 muna zaune a tsakar gida, rediyo na gefe yana ta surutunsa, sai mai karanta labarai ya ce hauhawar farashi a Najeriya ta sauko daga kashi 34.80 cikin ɗari a Disamba zuwa kashi 24.48 a Janairu. Mahaifiyata tana tsintar shinkafa a faranti, ta ɗago kai ta ce, "To alhamdu lillahi. Gobe sai a rage mana kuɗin mai da sabulu ke nan?"

Ɗiyar ƙanwata na kan tabarma da littafin lissafinta. Tana aji biyu a babbar sakandare, kuma a makon nan ne aka yi musu darasin ƙididdiga. Na leƙa littafin: jadawali ne na makin wasu ɗalibai hamsin da babu su a duniya, an kasa su rukuni-rukuni, ta fitar da matsakaici daidai, malami ya yi mata kyakkyawan maki da jan biro. Na ce, "To ke malamar ƙididdiga, yi wa kakarki bayani mana." Ta dubi rediyo, ta dubi littafi, ta ce, "Kawu, ai ba a koya mana wannan ba." Tsohuwa ta taɓe baki ta ce, "Kishiya, an dai ci kuɗin ubanki."

Yarinyar ta fi kakarta gaskiya. Ba a koya musu ba. Kuma amsar ba ta fi ƙarfinta ba ko kaɗan. Idan mudun abu yana naira 1,000, ya tashi da kashi 35 cikin ɗari, ya koma 1,350. Idan baɗi ya tashi da kashi 24, ya koma kusan 1,670. Motar ta rage gudu ne, ba ta juya baya ba. Bayan wannan kuma akwai magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: a wannan watan ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auninta, ta bar kwatanta farashi da na shekarar 2009 ta koma 2024, ta kuma sake jerin kayayyakin da take dubawa da nauyin da take ba kowanne. Wato an auna Disamba da wani mudu, an auna Janairu da wani. Mace mai sayar da hatsi a cikin gida ta san ba a gwama awon tiya da na mudu a ce buhu ya yi albarka. (Masara ta sauko daga baya a kasuwa, amma wannan wani zance ne daban, mai nasa dalilan.)

Abin da nake so in faɗa ke nan: ƙididdiga tana cikin manhajar sakandare tun tuni, amma gawarta muke koyarwa. Ana kawo ta a ƙarshen zango, lokacin da malami ya gaji ɗalibai sun ƙosa, a rubuta ƙa'ida a allo, a ba su lambobin da aka ƙirƙiro, su haɗa su raba, a wuce. Hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO kusan kowace shekara sai sun kawo tambaya a kanta, don haka ɗalibi mai wayo yana haddace matakan kamar karatun aku, ya kwashi makinsa. Ya fito da sakamako mai kyau, ya shiga duniyar da ake mulkinsa da alƙaluma, ba ya iya tambayar ko ɗaya daga cikinsu.

Kuma babu ƙasar da ta kai tamu buƙatar mutanen da suka iya wannan tambayar. Dubi tarihin ƙidayar jama'a kawai. An yi ta 1962 aka soke, aka sake a 1963 aka ce mu miliyan 55.6 ne, aka yi ta rigima. Ta 1973 gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9. Ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, ta ce Kano tana da miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi yarda ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Wadda aka shirya a 2023 aka ɗage ta. Ma'ana duk wanda ya ce maka yau yawan mutanen jiharku kaza ne, ba ƙirgawa ya yi ba, kintace ne aka ɗora a kan wani adadi da ya kusa shekara ashirin. Ba laifi ba ne a yi kintace, dole ce ma. Laifin shi ne mai sauraro bai san bambancin ƙirga da kintace ba, alhali da waɗannan lambobin ake rabon arzikin ƙasa da kujerun majalisa.

Ko ɗauki rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 aka ce ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 sai ga sabon rahoto yana cewa kashi 4.1. Na ga yadda aka yi ta zage-zage a Facebook, wasu na murna gwamnati ta yi abin a zo a gani, wasu na rantsuwa ƙarya ce tsagwaronta. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. A sabon tsari, wanda ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, idan ka yi aikin awa ɗaya tak a mako don samun kuɗi, kai ma'aikaci ne. Mai digirin da ke zaman kashe wando, wanda yake taya yayansa jiran shago ranar kasuwa a ba shi na cefane, ya tashi daga wannan layi ya koma wancan ba tare da ya motsa daga kan benci ba. Kana iya jayayya da sabon ma'aunin, ni ma ina da ta cewa a kansa. Amma sai ka san an sauya shi tukuna. Haka zancen yaran da ba sa zuwa makaranta: yau ka ji miliyan 10.5, gobe ka ji miliyan 20, kuma babban abin da ya raba su shi ne shekarun yaran da kowa ya sa a lissafinsa, wani ya tsaya a ƙanana, wani ya haɗa har da 'yan shekara 18.

Tambayoyi uku ne suka warware duk waɗannan: wa ya ƙirga, me ya ɗauka a matsayin abin ƙirgawa, kuma cikin nawa? Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya riƙe su.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake gabatar da fannin kamar baƙo daga Turai, alhali tunaninsa yana cikin kasuwarmu. Je ka Dawanau ka ga mai sayen hatsi. Ba ya zazzage buhu ɗari. Yana da ɗan ƙarfensa mai kaifin baki, ya soka a gindin wannan buhu, ya soka a tsakiyar wancan, ya zuba a tafi ya duba. Me ya sa ba ya kwance bakin buhu ya debi na sama? Saboda ya san abin da mai kwandon tumatir yake yi: manya jajaye a fuska, ruɓaɓɓu a ƙasa. Wannan shi ne darasin ɗaukar samfuri gaba ɗayansa, har da haɗarin da ke cikinsa. Wanda ya gane kwandon tumatir zai gane dalilin da ya sa ƙuri'ar jin ra'ayi da wani ya buɗe a shafinsa na intanet ba ta faɗin wanda zai ci zaɓe: masu babbar waya da kuɗin data su ne tumatirin sama, matan karkara da ke cika layin zaɓe suna can ƙasan kwando, ba wanda ya soka ƙarfe ya taɓo su.

Ta ɓangaren karatu ma muna da gado. Alarammomin tsangaya sun iya gaya maka sau nawa wata kalma ta zo a Alƙur'ani da siga kaza, da wuraren da ta zo, daga ka. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, Al-Kindi ya rubuta yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan fitowar kowane harafi, domin a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawa. Malami zai iya maimaita wannan a aji cikin minti arba'in: a raba wa ɗalibai shafi ɗaya na rubutun Hausa, kowane benci ya ɗauki sakin layi, a ƙirga haruffa, a zana ginshiƙai a allo. Ginshiƙin harafin "a" zai tashi ya bar sauran a ƙasa kamar hasumiyar Gobarau a cikin gidajen Katsina. Sannan a yi da shafin Turanci a ga wani harafin ne ke kan gaba. Ba a kashe ko sisi ba.

Nan ne nake ganin gyaran yake: a daina ba su lambobin da ba na kowa ba. Su tattaro nasu. Aji ɗaya ya ɗauki farashin mudun gero, kwalbar man gyaɗa da kwanon tumatir a kasuwar garinsu duk mako, tun daga farkon zango har ƙarshe, a liƙa babbar takarda a bango ana ɗiga maki ana ja masa layi. Kafin shekara ta zagayo za su ga da idonsu yadda hatsi ke faɗuwa da kaka ya tashi da bazara zuwa tsakiyar damina, abin da iyayensu suka sani a jika amma ba su taɓa ganinsa a zane ba. Wani aji ya kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a filin makaranta, nesa da bishiya da indararo, duk safiyar da aka yi ruwa a tsoma rula a rubuta. A ƙarshen damina su gwada nasu da hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet ta fitar a farkon shekara. Za a samu ranar da wani ya manta bai auna ba, da ranar da akuya ta ture gwangwanin. Madalla da hakan. Wannan giɓin shi ne darasi mafi tsada a fannin, domin sai yaro ya tsaya ya yanke shawara: in bar gurbin, ko in cika shi da ƙarya? Littafi ba ya taɓa sa shi a wannan matsayi, tunda lambobin littafi kullum a cike suke, a tsaftace.

Da irin waɗannan lambobin ne kalmomin nan uku na Turanci masu farawa da harafi ɗaya, wato mean (matsakaici), median (na tsakiya) da mode (wanda ya fi yawan fitowa), waɗanda yara ke ta rikitawa, za su samu ma'ana. A ce ƙauye mai manoma goma: tara kowa ya samu buhu 10, na goman babban manomi ne mai tarakta ya samu buhu 210. Jimla 300, a raba goma, kowa buhu 30. Jami'i zai iya rubuta rahoto ya ce matsakaicin abin da manomi ya girba a ƙauyen buhu 30 ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, buhu 10 za ka gani, kuma shi ne gaskiyar rumbunan ƙauyen. Duk lokacin da aka ce maka "matsakaicin kuɗin shigar ɗan ƙasa", tuna da mai taraktan nan.

Zane kuwa, gani ya kori ji, shi ya sa ya fi magana saurin yaudara. Ka zana ginshiƙai biyu, ɗaya 95 ɗaya 100. In ka fara ma'aunin gefe daga sifili, kusan kansu ɗaya. In ka fara daga 90, na biyun zai ninka na farko tsawo. Lambobi ba su sauya ba, ido ne aka yi wa wayo. Zan so a ce kowane ɗalibi, kafin ya bar sakandare, an sa shi ya zana alƙaluma iri ɗaya sau biyu da gangan: sau ɗaya kamar mai yi wa gwamna kamfe, sau ɗaya kamar ɗan adawa. Wanda ya taɓa haɗa dabarar da hannunsa, da wuya a yi masa ita. Haka taswirar zaɓe da ake shafa wa kowace jiha launin wanda ya ci ta: fili ake gani, ba mutane ba, sai jihar Neja ta cika ido Legas ta zama ɗan ɗigo. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 wanda ya yi nasara ya samu ƙuri'a kusan miliyan 8.8 cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista. Wannan "cikin nawa" ɗin babu launin taswirar da zai nuna maka shi.

Akwai labarin da nake so a riƙa ba ɗalibai, na wani likita a Landan mai suna John Snow. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta kashe mutum sama da 600, a lokacin da galibin likitoci suka ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Ya bi gida-gida yana tambaya, ya ga mace-macen sun taru ne a kewayen famfon ruwa guda, ya sa hukuma ta cire hannun famfon, daga baya ya fitar da taswirar da ta nuna kowane mamaci a ƙofar gidansa. Ba shi da kwamfuta. Takarda, alƙalami da ƙafa. Amai da gudawa har yau suna ziyartar unguwanninmu duk damina, kuma babu abin da ya yi wanda ɗaliban aji uku na babbar sakandare ba za su iya kwatantawa ba da taswirar unguwarsu da rijiyoyinta. A nan kuma za a koya musu kada su yi gaggawar ɗora laifi. Tun muna yara ake ce mana sabuwar masara ce ke kawo zazzaɓi. Lallai tare suke zuwa, amma ruwan da ya nunar da masarar shi ya cika kududdufin da sauro ke ƙyanƙyasa. Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Sai batun aljihu, wanda shi ne zai fi jan hankalin samari. Malamai sun faɗi hukuncin caca, lissafi ma yana da nasa hukuncin. Saurayi ya jera wasan ƙwallo goma a tikiti ɗaya. A ce kowane wasa damarsa ta cinka daidai rabi da rabi ce. Damar ya ci duka goman ita ce ɗaya cikin 1,024. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, "wasa ɗaya ne ya ɓata min", yana jin ya kusa, alhali haka aka gina abin. MMM, tsarin zuba kuɗi na yaudara da ta kwashe kuɗin jama'a a 2016, ribar kashi 30 cikin ɗari ta yi alkawari duk wata. Ka ba ɗalibi takarda ya bi lissafin: naira 100,000 za ta zama miliyan 2.3 a shekara guda, ta haura biliyan ɗaya cikin shekara uku. Ya zana layin ya ga yadda ya miƙe sama kamar zai huda takardar, sannan ka tambaye shi wace sana'a ce a duniya ke haihuwa haka. Duk da wannan, a 2025 aka sake yi da wata irinta mai suna CBEX, kuma cikin waɗanda suka zuba kuɗi har da masu digiri.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba na raina shi, don na ga aji mai ɗalibi sama da ɗari, wasu a ƙasa wasu a taga, malami ɗaya da guntun alli. Za su ce ba kwamfuta, ba wuta, ba lokaci, ga manhaja ta yi tsawo. Na kwamfuta ban karɓa ba. Gara ma a fara da hannu. Wanda manhajar kwamfuta ta zana masa bai san dalilin da ya sa ma'auni ya fara daga inda ya fara ba. Yawan ɗalibai kuwa, a wannan darasin kaɗai, riba ne: aji mai mutum ɗari ya fi mai ashirin ba da kyakkyawan zanen tsawo ko na tazarar gida da makaranta. Na lokaci shi ne mai ƙarfi, kuma maganinsa ba ya hannun malamin lissafi shi kaɗai. Malamin aikin gona ya riƙe gwangwanin ruwan sama, na tattalin arziki ya riƙe farashin kasuwa, na labarin ƙasa ya riƙe taswira. Sannan masu shirya jarrabawa su taimaka: muddin tambayar ita ce "lissafa", haddar matakai za a yi. Ranar da aka fara kawo zane daga jarida a ce "nuna abin da ke ɓatar da mai karatu a nan", a ranar salon koyarwa zai juya, don malami abin da za a tambaya yake koyarwa.

Akwai kuma harshe. Yaro a Kano yana kokawa da Turanci da lissafi a lokaci guda, ɗan'uwansa a Maraɗi yana kokawa da Faransanci. Ban ce a sauya harshen jarrabawa gobe ba. Na ce malami ya yi minti biyar na farko da Hausa, da kwandon tumatir da mai tarakta, in abin ya zauna sai ya liƙa masa sunansa na littafi.

Fargabata ɗaya ce, kuma ta gaske ce. Idan ka nuna wa matashi hanyoyin da ake wasa da alƙaluma, yana iya tashi da cewa duk ƙarya ne, ya daina yarda da kowane rahoto, na lafiya ko na yanayi, sai abin da aka turo masa a WhatsApp. An gudu gara an faɗa gidan zago. Irin wannan mutumin ya fi wanda bai yi karatu ba wuyar sha'ani, kuma muna da su da yawa. Shi ya sa na nace a kan su ƙirga da kansu. Wanda ya yi wata uku yana tashi da safe yana tsoma rula a gwangwani ya san wahalar da ke cikin samun lamba ɗaya ta gaskiya, ba zai yi saurin zagin wanda ya bi gidaje dubbai yana tambaya ba. Zai tambaye shi yadda ya yi ne, kamar abokin sana'a.

Ɗiyar ƙanwata dai na saya mata littafin zane mai ƙananan gidaje, na ce duk Juma'a in an dawo daga cefane ta tambayi kakarta kuɗin abu uku ta rubuta. Makon farko tsohuwa ta kore ta, ta ce ba ta son bin diddigi. A mako na shida na tarar da su biyun a kan tabarma, kawuna a haɗe, tsohuwa ta ɗora yatsa a kan wani maki tana cewa wannan ba daidai ba ne, ranar ai bashi ta karɓo a wurin mai shago, shi kuwa yana ƙara naira hamsin in bashi ne. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Kawu, to wanne zan rubuta, na hannu ko na bashi?" Na ce ta rubuta duka biyun, ɗaya da baƙin biro ɗaya da ja.